Kurege Mai Yadi da Saƙon da Bai Tsaya Ya Ji Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, ku ji ta har ƙarshe, ban da katse ni.

An yi wani Kurege mai sayar da yadi a wata kasuwar ƙauye. Allah ya ba shi kaya, ya ba shi baki. Kunne ne dai bai yi amfani da shi ba. Da mai saye ya buɗe baki, sai ya ce, "Kada ka ƙarasa, na gane!" Kusa da rumfarsa akwai ta Kunkuru. Kayansa ba su taka kara sun karya ba, amma shi tambaya ɗaya yake yi, "Na me za a yi?" Sai ya yi shiru ya jira amsa.

Rannan wata mata, Ladidi, ta zo. Ta ce, "Atamfa nake so, amma wadda..."

"Kada ki ƙarasa, na gane!"

Ya yanka mata ja wur, ta 'yan mata. Ita kuwa surukarta tsohuwa za ta kai wa. Kunya ta hana ta musu. Ta karɓa, ta tafi, ba ta sake dawowa ba.

Wata ranar kasuwar, Jatau manomi ya zo. Ya ce, "Yadi nake so wanda zai..."

"Kada ka ƙarasa, na gane!"

Ya yanka masa mai santsi da walƙiya. Shi kuwa na shiga gona yake nema. Ƙayar farko ta raba rigar biyu. Shi ma bai sake dawowa ba.

A haka mutane suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama gida ɗaya ne ya riƙe rumfar Kurege: gidan tsoho Barau, wanda duk sallah a nan yake yi wa iyalinsa ɗinki. In wannan gida ya juya baya, Kurege sai ya naɗe tabarma.

Wata safiya sai ga Cindo, babban ɗan Barau. Idonsa ya yi ja, hularsa a karkace, ko gaisuwar kirki bai iya yi ba. Ku da kuke yara ma da kun gan shi kun san ba lafiya ba.

Ya ce, "Farin yadi nake so, na Baba. Shi ne ya ce..."

"Kada ka ƙarasa, na gane!"

Kurege ya zaro farar shadda, ya warware ta a rana. "Dubi! Babbar riga ke nan! In Baba ya sa wannan ran Juma'a, sai an bar hanya ana kallonsa."

Cindo ya ce, "Kurege, Baba dai..."

"Na sani, ba ya son tsada. Taya! Kai dai taya, ba za mu ɓata ba."

Cindo ya ce, "Don Allah ka tsaya..."

"Ka ce masa ya kashe wannan lafiya, baɗi ya zo da ƙafarsa a yanka masa wata!"

Cindo ya bar shi nan. Ya juya, ya tsaya gaban Kunkuru.

Kunkuru ya ɗaga kai ya dubi fuskarsa. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce a hankali, "Cindo, wa muka rasa?"

"Baba. Ɗazu da asuba."

Kunkuru ya yi salati. Ya auna likkafani, ya yanka, ya naɗe, bai ce masa taya ba. Ya rufe rumfarsa, ya bi shi a baya. Kafin ka ce me, rabin kasuwa ta tashi ta bi su. Aka bar Kurege tsaye da shadda a hannu.

Ni dai, yara, har tausayinsa nake ji, don ba mugu ba ne. Ran sadakar uku ya je gaisuwa, ya raɓe a gefen tabarma. Ya ce, "Cindo, ka yafe mini. Ban sani ba."

Cindo ya ce, "Na yafe. Amma ka san abin da ya kai ni rumfarka? Kafin Baba ya cika, ya ce, 'Likkafanina a wurin Kurege za ku saya. Ubansa ne ya yanka mini rigar aurena, ɗansa zai yanka mini ta ƙarshe.' Sau uku ina so in faɗa maka."

Kurege ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya yi wa tsoho addu'a, ya tashi ya tafi.

Kun ji, yara. In kun girma kun zauna a rumfa, ku bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Wani lokacin ba kuɗi kaɗai ya riƙo muku ba.

Ƙurunƙus! Ta ƙare nan, kowa ya ɗauki tabarmarsa.