Kututturen da Sarki Ya Zauna a Kai

An yi wani sarki, ana ce masa Jatau, a wani birni da ke gindin tsauni. Mutum ne mai kyauta da kunya, har ana cewa tun da aka naɗa shi ba a taɓa jin kalmar a'a daga bakinsa ba. Tsaunin nan kuwa lulluɓe yake da ɗorawa da kaɗanya da maɗaci, saiwoyinsu ne ke riƙe ƙasa idan damina ta yi ƙarfi. Da malamai suka bayyana wa sarki haka, sai ya sa aka yi shela cewa daga ranar ko ganye ba a tsinka a tsaunin, ya kuma ɗora amanar a wuyan Sarkin Dawa Nomau.

Doka kam ta yi kyau a kunne. Matan unguwar gangare, waɗanda suka gaji itatuwan nan kaka da kakanni, suna tsintar kaɗanya suna kakkaɓar ɗorawa, aka hana su hawa. Amma abin mamaki, shekara na bin shekara tsauni na yin sanƙo, har wata damina ruwa ya gangaro da laka da duwatsu ya rushe rabin unguwar gangare. Sarki ya fusata ƙwarai, ya sa aka ɗaure Nomau, ya rantse zai tuɓe rawaninsa ya kore shi daga ƙasar da iyalinsa. Ya kira Alƙali Zubairu ya ce ya binciko masa yadda aka cinye tsauni alhali ga doka ga mai tsaro.

Alƙali ya yi bincikensa, ya dawo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce: “Allah ya ja zamanin sarki, shari'ar ɓarna a wurin ɓarna ake yin ta. Ina roƙon sarki da majalisarsa su hau tsaunin, a yi zaman a can.”

Sarki, da yake bai iya ƙi ba, ya amsa. Aka hau da hantsi, manyan fada na haki cikin manyan riguna, matan gangare na biye daga nesa. Da aka kai sama rana ta take, aka nemi inuwa aka rasa, ba komai sai kututture ko'ina. Alƙali ya sa aka shimfiɗa wa sarki buzu a kan wanda ya fi duka faɗi. Sarki ya zauna, ya shafa gefensa, ransa ya ɓaci, ya tambaya wane azzalumi ne ya sare maɗaci irin wannan.

Galadima ya sunkuyar da kai, Ma'aji ya shiga gyaran rawani. Alƙali ya ce: “Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Wannan maɗacin shi ne ƙyauren sabon zauren fada. Sarkin Magina ya roƙa, ya ce guda ɗaya ne kawai, sarki ya ce an ba shi.”

Kai, da ƙasa za ta tsage a lokacin, da sarki ya shige. Ya so ya miƙe, ya ga miƙewar ma wata kunya ce, sai ya zauna. Can ya ɗago kai, murya a sanyaye, ya ce duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwa ya roƙi itace ɗaya kawai aka ba shi, ya nemi kututturensa ya zauna.

Galadima ya ja ƙafa ya zauna a kan wanda ya zama rufin soronsa. Ma'aji ya zauna a kan wanda aka sassaƙa wa 'yarsa turame. Liman ma ya zauna yana istigfari, don itacen gyaran masallaci ya roƙa, ragowar kuwa ta tafi gidansa. Daga ƙarshe Alƙali Zubairu da kansa ya tattare rigarsa ya zauna a kan wani ƙarami, bai ɗaga ido ba. Kowa ya sami mazauni har da saura. Da sarki ya duba, ba wanda ya rage a tsaye cikin rana sai Nomau da igiya a hannunsa, da matan nan da ruwa ya cinye wa ɗakuna.

Sarki ya tambayi Nomau me ya hana shi faɗa tun da wuri. Nomau ya durƙusa ya ce shi bawan sarki ne, tsohuwa mai ƙwarya yana iya kora, ya kuwa kore su har kunyar haɗa ido da su yake ji, amma wanda ya zo da gatari ya ce sarki ya ba shi, da wane baki zai tare shi? Wata tsohuwa mai suna Gwamma ta ce a yi mata izini. Ta ce a da, ko reshe wani ya ɗaga wa gatari sai sun tara masa jama'a, don kowacce ta san bishiyar uwarta. Da aka hana su hawa, ba sauran idon da ke kallo.

Sarki ya sauko daga kututturen ya kwance Nomau da hannunsa, ya nemi gafararsa a gaban jama'a. Ya mayar wa matan 'ya'yan itatuwansu, ya ce duk wanda ya zauna yau ya dasa itace a inda ya zauna, ya kuma rufa ɗaki a gangare daga dukiyarsa. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa alƙali, ya ce ladan wanda ya faɗi gaskiya ne bai cire kansa ba. Sa'an nan ya sa aka ciro ƙyauren zaure aka kai wa Gwamma, ya ce ba za a sa wani ba sai maɗacin da zai dasa ya isa sassaƙa.

Maɗaci kuwa ba ya gaggawa. Sarki Jatau ya rasu zaurensa a buɗe, duk mai zuwa roƙon itace ɗaya kawai, da ya ga bakin ƙofar sai ya haɗiye maganarsa ya yi gaisuwa ya koma.

Masu hankali su lura: dokar da ke tare mai ƙwarya ta buɗe wa mai rawani hanya ba adalci ba ce, kuma mai mulkin da bai iya hana na kusa da shi ba, na nesa ne ke biyan kyautarsa. Allah ya ba shugabanni kunyar da ke gyara.