Buhun Godiya da Sa'idu Ya Hana

Akwai wani manomi mai suna Sa'idu a wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗejia, irin ƙauyukan da ruwa kan kai wa ziyara ba tare da sallama ba. Shinkafar rani yake nomawa. Abin da ya girbe shi ne abincin gidansa na shekara, kuma a ciki yake cire irin baɗi.

Mutanen wurin suna da al'ada. Kafin ruwan Agusta ya kankama, kowa yakan kai buhunansa ajiya gidan ɗan'uwa a kan tudu. In an zo kwashewa, sai a bar wa mai gidan buhu ɗaya na godiya. Sa'idu gidan Mukhtar yake kaiwa, yayan matarsa Asabe, can ta wajen Kaugama.

A shekarar da komai ya yi tsada, gonar Sa'idu ta yi kyau. Ya sayi 'yar talabijin da sola, ya kafa ta a bango, sama sosai, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Kullum da yamma akwai shirin tattalin arziki. Wani mutum mai kwat yakan tsaya gaban zane, yana nuna wata kibiya da ba ta san hanya ba sai sama. A bakinsa Sa'idu ya koyi cewa tsadar da ke damunsu tana da suna: hauhawar farashi. Samun sunan bai rage kuɗin manja ba, amma ya sa Sa'idu ya fara yi wa majalisa bayani.

Wata rana mai kwat ya ce duk mai hatsi ya riƙe abinsa, domin kowane buhu zinariya ne. Sa'idu ya waiwaya ya dubi ɗakin da ya jibge shinkafa.

Da lokacin kai ajiya ya yi, Mukhtar ya zo da amalanken shanu da kansa, kamar yadda ya saba.

"Angon ƙanwata, a fito da kaya, shanun nan ba su iya jira ba."

Sa'idu ya ce, "Yaya Mukhtar, bana dai a bar su nan. Ka san yanzu buhu ɗaya ba buhun da ba ne."

Mukhtar ya gane inda maganar ta dosa. Ya ce, "In don na godiya ne, na yafe. Kawo su kawai."

Da Sa'idu ya karɓi wannan, da an wuce wurin. Amma kunya ta riga ta shiga, sai ya ƙara da cewa yana so kayan su zauna kusa da shi, don ranar da farashi ya kai ƙarshe ya sayar nan take. Mukhtar ya sha ruwa, ya gaida ƙanwarsa, ya juya shanunsa ba kaya.

Asabe ta ce, "Malam, ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa bana. Jiya da na je wanki, ruwa ya rufe dutsen da muke zama."

"Asabe, mutanen talabijin ɗin nan da na'ura suke aiki."

"Na'urar tasu ta san ɗakinmu na ƙasa ne?"

Ya mai da idonsa kan talabijin, an dawo daga talla.

Ruwan ya shigo wata Juma'a da hantsi, a hankali, kamar mai neman wani. Kafin la'asar ya kai ƙugu. Aka fitar da yara da tsofaffi a kwalekwale. Bangon ɗakin ajiya ya jiƙa ya zauna a kan buhunan. Sa'idu ya fita da abin da zai iya ɗauka a ka, wato talabijin. Ita ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Da ruwa ya janye aka tona ɗakin, shinkafar da ke sama ta tsiro ta cikin buhu, kore shar. Ta ƙasa kuwa ko kaji sun ƙi ta.

Mukhtar ne ya sake zuwa da amalanken nan. Wannan karon akwai kaya: ƙanwarsa, 'ya'yanta, tabarmi, da Sa'idu a can baya rungume da talabijin. Har suka isa Mukhtar bai ce masa "na faɗa maka" ba. Da ya faɗa, wataƙila da Sa'idu ya fi samun sauƙi.

A tsakar gidan Mukhtar yara suka matsa a kunna musu kallo. Sai ga mai kwat, da kibiyarsa. Ya ce farashin shinkafa ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, saboda ambaliya ta cinye amfani a wasu yankuna.

Asabe ta ajiye wa mijinta kwanon tuwo, na shinkafar yayanta, ta ce a hankali, "Ka ga bai yi ƙarya ba, Malam. Ta yi tsada. Sai dai yanzu mu ne masu saye."

Darasi: Talabijin tana iya gaya maka farashin buhu, amma ba ta san inda ka ajiye shi ba. Ka saurari labarai, sannan ka saurari na kusa da kai, kuma kada tsada ta sa ka fara yi wa zumunci ciniki. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda amfaninsu ke kwance a fadama har yanzu.