Giwa da Zabi a Bankin Jini

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Shekara sha bakwai na yi ina share wani bankin jini, kuma mai shara tana jin abin da manya ba sa ji.

Mutum uku ke kula da kwamfutocin da ke riƙe da sunayen masu ba da jini. Malam Barau shi ne mai tsohuwar na'ura, guda ɗaya tal, girmanta ya kai rumbu. Giwa muke ce mata. Shekara ashirin ba ta taɓa faɗuwa ba, ba ta taɓa mance suna ko ɗaya ba. Amma kayan gyaranta tsada, ba ta san wayar salula ba, kuma a ƙasar nan shi kaɗai ya rage mai jin yarenta.

Shafa'atu ita ta kawo ƙananan kwamfutoci arba'in, irin na kasuwa, ta jera su a kan kantoci. Zabi muke ce musu. Duk wata sai ɗaya ta mutu, sauran su ɗauki kayanta ba wanda ya sani.

"Baba, akwatin gawarka yana nan yana nishi?" haka take tsokanar Barau.

"Yana nan, 'yata. Yau zabuwa nawa kika binne?"

Na ukun Tanimu ne, mai haɗa wayoyi. Da aka kwashe sunaye zuwa Zabi, shugaban bankin ya ce ya yanke wayar da ta haɗa su da Giwa. Ya ce to. Bai yanke ba, ya zare ta kawai ya tura ta ƙarƙashin daɓe ya yi shiru.

Wata azahar ta bazara esin da ke sanyaya ɗakin ya ƙone. Daidai lokacin aka bugo daga asibiti: wata mata, Kande, ta haihu, jaririn bai zo da rai ba, jini ya ɓalle mata. Irin jininta ba a cika samu ba, babu ko leda ɗaya a firji.

Zafi ya kashe Zabi talatin da ɗaya cikin rabin awa, har da duk waɗanda sunayen ke cikinsu. Shafa'atu ta shirya wa mutuwar ɗaiɗai, ba ta shirya wa annoba ba.

Giwa ko gezau. Barau ya tsaya a kanta gumi na zuba, sunaye suna nan cif. Sai dai kafin ta tace su a buga a takarda a bi mutane ɗaya bayan ɗaya, da tuni an yi wa Kande sallar gawa.

Tanimu ya ɗaga daɓe a gaban shugaba, ya san ya tona wa kansa asiri, ya jona wayar.

Shafa'atu ta haɗa kan Zabi taran da suka rage. Minti huɗu suka tace sunaye dubu ɗari biyu da suka jawo daga Giwa, suka aika saƙo ga mutum sha ɗaya masu irin jinin Kande. Wani mai facin taya ya zo da gudu, hannunsa duk baƙin mai, ya ba da jini. Kande ta rayu.

Kada ku yi murmushi. Ko wata ba a yi ba takarda ta zo daga sama: za a rage ma'aikata, kujera ɗaya aka bari a ɗakin nan, biyu su kama gabansu. Dukansu suna da bakunan ciyarwa.

In aka bar Barau, suna ba zai ɓace ba, amma mai naƙuda za ta mutu tana jira, kuma shi kansa ya kusa saba'in. In aka bar Shafa'atu, za a yi sauri har ranar da zafi ya dawo, kuma bazara ba ta fashi. In aka bar Tanimu, zai zauna riƙe da waya, ba kowa a wannan bakin, ba kowa a wancan.

Kande tana da ciki kuma yanzu.

To, ku da kuka yi boko, wa za a bar wa kujerar?