Ranar da Rijiyar Gwaggo Hureira Ta Yi Kore

A unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi an yi wani masani mai suna Dokta Uwaisu. Na ce an yi, amma yana nan da ransa, in kun gamu da shi kada ku ce ni na ba ku labari. Mutumin kirki ne, ba ya rigima, ba ya wuce babba bai gaishe shi ba. Aibinsa guda ne. In ka tambaye shi me yake yi, sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ba za ka gane ba."

Karatunsa na ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, da sinadaran da ruwa ke kwasa in ya ratsa duwatsu. A nan Bangi ya fara, ya wuce Faransa, daga nan ya yi shekaru yana bin rijiyoyin makiyaya a gefen tafkin Cadi da kwalabe cike da jaka. In ka ba shi ruwa ya kai ɗakin awo, sai ya gaya maka ko tun zamanin kakan kakanka ruwan nan ya sauko daga sama. Wasu sun ce har ranar yana iya faɗa, ko Talata ce ko Laraba. Wannan kam ban tsaya a kai ba.

Da ya dawo gida, kusan kullum yana wajen Gwaggo Hureira, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta rene shi tun rasuwar mahaifiyarsa. Gidanta yana wani lungu bayan Titin Koudoukou, kuma tana da rijiya a tsakar gida. Duk lokacin da famfo ya ɗauke, maƙwabta can suke ɗiba, ba ta taɓa hana kowa ba. Sai dai Uwaisu ya lura cewa da damina ta kama, jikokinta ba sa rabuwa da ciwon ciki. Ya kuma lura cewa masai bai da nisa da rijiyar.

Wata rana Gwaggo ta same shi yana kai da komowa tsakanin wuraren biyu da igiyar awo.

"Uwaisu, me ya faɗi ne kake nema?"

"Gwaggo, ba za ki gane ba."

"To, Allah ya ganar da mu. Wanke hannu ka zo ka ci gozo, tuwon rogo ba ya daɗi in ya huce."

Masu irin aikin Uwaisu suna da wani gari ja-ja wanda in ya shiga ruwa yake komawa kore shar. Ba ya cutarwa. Zuba shi ake a wuri guda, sannan a riƙa ɗiban ruwa a wani wurin ana dubawa, in ya ɓullo an san akwai hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Cokali ɗaya ya isa, don na'ura tana ganin abin da ido bai gani ba. Amma Dokta yana da taron masana a Yawunde, kuma yana so da ya dawo ya tarar da amsa. Sai ya juye gwangwanin garin gaba ɗaya a masai, ya bi shi da ruwa bokiti-bokiti, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Bai ce wa kowa uffan ba. A lissafinsa, ko da akwai hanya, launin ba zai iso ba sai ya dawo.

Sama ba ta san da lissafinsa ba. Yana barin gari aka tsuge da ruwa irin na Bangi, wanda in ya fara sai kwata ta koma kogi.

Ranar Juma'a da safe Gwaggo ta jefa guga ta jawo, sai ga ruwa kore yana ƙyalli a rana. Ta yi salati. Ta kira Uwaisu a waya, ya ce, "Gwaggo, ina cikin taro," ya kashe. Sai ta aika aka kira maƙwabcinta Malam Ɗan'azumi mai shagon atamfa, wanda bai taɓa rasa fassarar komai ba.

Ya leƙa gugan, ya sunsuna, ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

"Hajiya, kore fa! Ba baƙi ba, ba ja ba. Shekara nawa kina shayar da unguwar nan ba ki karɓi ko sisi ba? To ga sakamako tun a duniya."

"Kai dai Ɗan'azumi, bar ni da surutunka."

"Wallahi gwiwar nan da ta hana ni ruku'u har na ji ta saki."

Kafin a watse daga masallacin Koudoukou labari ya gama kasuwa. Da la'asar lungun ya cika da taksi-moto, wato baburan haya. Mata suka zo daga unguwar Miskine da jarkoki a ka, Musulmi da Kirista, suna cewa da harshen Sango, "Mama, mu na mbi ngu," wato a sam musu ruwa. Masu famfo a gida suka bar famfonsu suka shiga layi. Ɗan'azumi kuwa safe da yamma yana wanke gemu, har gemun ya koma kamar ganyen rogo. Ita Gwaggo kuwa sai ta ɗauko mayafin da ta sayo a Makka ta yafa, ta sa aka ajiye mata kujera a gindin rijiya.

Ana cikin haka Dokta ya dawo. Ya kutsa ta cikin jama'a da ƙyar. Abin da ya fara gani shi ne wata mata a durƙushe tana ba jaririnta koren ruwa da cokali. Jakar hannunsa ta faɗi. Tunda yake aiki bai taɓa samun amsa ƙarara irin wannan ba, kuma bai taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Zuciya ta ce masa ya yi shiru, launin zai ɓace da kansa. Amma ya san launin ne kawai zai ɓace, abin da ya biyo hanya tare da shi yana nan, kuma yanzu rabin gari ke sha. In kuma ya yi magana, ga Gwaggo can kan kujera da mayafin Makka.

Sai ya nemi hanyar tsakiya. Ya hau kan turmi ya yi jawabi da Faransanci, ya jero manyan kalmomi irin waɗanda ya baro a Yawunde. Da ya gama, sai Ɗan'azumi ya ɗaga hannu ya ce, "Kun ji! Dokta ma ya tabbatar!" Wuri ya ɗauki kabbara da guɗa. Matar nan ta sake cika cokali.

Nan ne Uwaisu ya cire tabarau.

"Baiwar Allah, ajiye cokalin nan! Jama'a, ni na zuba launin nan. A masai na zuba shi. Hanyar da ya bi ya iso rijiya, ita ƙazanta take bi kullum. Don Allah kada wanda ya ƙara sha."

Wannan karon ba wanda bai gane ba. Wata ta maimaita da Sango. Ɗan'azumi ya saki gemunsa a hankali, ya goge hannu a riga. Aka fara tuntsurar da jarkoki, lungun ya yi ta malala kore har bakin titi. A makon nan sai da aka kwantar da yara da dama saboda gudawa. Allah ya taƙaita, duk suka tashi.

Da jama'a suka watse, Gwaggo ta ninke mayafinta ta ce, "Uwaisu, shigo. Ja ƙofar."

Ya shiga ya durƙusa.

"Wace kalma ce mai wuya a cikin abin da ka faɗa ɗazu? Masai, ko rijiya? Ni da na wanke maka kashi tun ba ka iya zama ba, ni ce ba zan gane zancen masai ba? Da ka faɗa min ran nan, da hannuna zan rufe rijiyar. Ka bar ni na sha ado na zauna ina raba wa 'ya'yan mutane ciwon ciki."

Dokta mai digiri daga Faransa ya yi kuka kamar ranar da aka fara kai shi makaranta.

"Share fuskarka," in ji ta. "Gobe za mu bi gida-gida mu duba marasa lafiya, ka ba iyayensu haƙuri. Ka kuma zo da garin nan naka, ba ni kaɗai ke da rijiya kusa da bayan gida ba. Amma cokali ɗaya, kuma sai mai gida ya ce to."

Haka aka yi. Ita ke sallama, shi ke bayani, in ya fara zamewa zuwa Faransanci ta taka masa ƙafa. An cike masan Gwaggo aka haƙa wani can nesa, rijiyar ta koma ta wanki, ruwan sha kuma sai an tafasa. Aikin da ya yi a lungunan nan shi ya fi duk sauran ayyukansa amfani, ko da yake har yau Dokta Kore ake ce masa. Ɗan'azumi ya yafe masa, amma ya ce gwiwarsa dai ta dawo da ciwo, kuma ya san wanda ya jawo.

Kwanan baya na ji shi yana cin abinci a gidan, miya ta yi masa daɗi, ya ce, "Gwaggo, me kika sa a miyar nan?"

Ta dube shi ta ce, "Ci kawai, ɗana. Ba za ka gane ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ilmin da ya shafi rayuwar mutane haƙƙinsu ne su ji shi, da harshen da suke ganewa, kuma tun kafin a taɓa musu abinsu. Wanda ya ce mutane ba za su gane ba, sau da yawa shi ne bai koyi yadda ake faɗa ba. In ka bar jama'a ba bayani, wani zai yi musu nasa, kuma ba lalle ya zama na gaskiya ba.