Mai Sayar da Mota da Wayarsa ta Biyu

Ku yi mini afuwa tun kafin ku fara karantawa. Ni ba malama ba ce, ko a aji aka ce in tashi in yi karatu muryata rawa take yi. Wannan ne rubutuna na farko, sau huɗu ina yaga shi. In kun ga kuskure, nawa ne, ku rufa mini asiri.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum da yake aikin sayar da motoci a wani kamfani. Ko taya ɗaya ba tasa ba ce a wurin. Ɗakin baje motocin kuwa duk gilashi ne. Da safe in rana ta shigo, sai ka ga gajimare suna tafiya a hankali a jikin motocin, kamar a cikin ruwa suke kwance. Mutumin nan yakan riga kowa zuwa. Ya buɗe wadda ta fi kyau, ya zauna, ya dafa sitiyari, ya lumshe ido yana shaƙar ƙamshin sabuwar kujera. A nan yake ganin wani ɗakin gilashin da ya fi wannan girma, da sunansa a rubuce saman ƙofa.

Tsohon da yake wanke motocin yakan ƙwanƙwasa masa taga ya ce, "Ranka ya daɗe mai motoci dubu, an iso? A sauko in goge inda aka taka."

Buri ba laifi ba ne, 'yan uwa. Hanyar da aka bi zuwa gare shi ce abin dubawa.

Allah ya ba shi baki da fara'a. Ya buɗe shafinsa na kansa a intanet, kullum ya ɗauki bidiyo yana jingine da mota, yana kaɗa makulli a yatsa, yana cewa, "Motar da ta fito daga hannuna ba ta da aibi. Ni za ku kira, ni kaɗai." Mabiya suka taru, suka sa masa suna Sarkin Makulli. Mai kamfanin bai hana shi ba. Sharaɗi ɗaya kawai ya kafa wa kowa: duk wanda ya sayi mota, a rubuta sunansa da lambar wayarsa a takardar ciniki, sakatariya ta shigar a rajista, don in wani abu ya taso game da motar a same shi.

Sharaɗin nan ya tsaya wa Sarkin Makulli a rai. Shi ya yi murmushin, shi ya sha rana yana zagayawa da mutum, sannan kamfani ya mallaki lambar? In ya buɗe nasa wurin, da wa zai fara? Sai ya sayi wata ƙaramar waya ya sa mata layuka biyu. Duk mai sayen da ya zo ta shafinsa, sai ya ce, "Kawo in cika maka, kai dai sa hannu." A gurbin lambar mutum ya rubuta ɗaya daga cikin nasa layukan, lambar gaskiyar kuma ya adana ta a wayarsa. Sakatariya takardu sun yi mata yawa, ba ta taɓa lura ba.

Matarsa ta tsinci wayar a aljihun rigar da za ta wanke. Ta ce, "Baban yara, wannan kuma ta wace ce?"

Ya yi dariya ya ce, "Kwantar da hankalinki, kamfaninmu ne a ciki. Ke ce za ki yanka ƙyallen buɗewa."

Ta ce, "To Allah ya sa alheri. Ni dai ban taɓa ganin kamfanin da ake ɓoyewa a aljihu ba."

Aka yi shekara ana haka. Rannan mai kamfani ya tara ma'aikata da safe, fuskarsa ba walwala. Ya ce masu ƙera motocin sun aiko da sanarwa: wani rukuni da aka sayar bara yana da matsalar birki, yana iya ƙin kamawa ba zato. Jibi, da zarar an gama tace rajista, sakatariya za ta kira duk wanda ya saya ya kawo a gyara masa kyauta.

Mutum goma sha ɗaya daga cikinsu na Sarkin Makulli ne. Kwana biyu Allah ya ba shi, 'yan uwa. Me zai hana ya je ya ce, "Maigida, na yi kuskure, ga lambobin"? Me zai hana ya kira su da kansa? Ya ɗauko wayar, ya dubi sunan wata malamar makaranta da ya sayar wa farar mota, wadda ta ce masa don kai 'ya'yanta makaranta take so. Sai ya tuna bidiyonsa. Yaya Sarkin Makulli zai buɗe baki ya ce motar hannunsa tana da aibi? Ya ce a ransa, ai birkin da ya shekara yana kamawa ba zai ƙi a kwana biyu ba. Ya mayar da wayar aljihu, ya shiga wata sabuwar mota ya rufe ƙofa. Gajimare na wucewa a kan gilashin, shi kuma yana zaɓen launin fentin da zai yi wa ofishinsa.

Ranar ta zo. Hantsi ya yi, ɗakin shiru, sai ƙarar tsumman tsoho a jikin ƙarfe. Sakatariya ta ɗaga waya ta buga lambar malamar. Sai ga ƙara tana tashi daga aljihun Sarkin Makulli, domin a ruɗewarsa ya manta bai kashe ƙaramar wayar ba. Ta kalle shi, ta katse, ta buga ta mutum na gaba. Aljihun ya sake amsawa. Mai kamfani ya fito daga ofis ya tsaya. Ya ce, "Ci gaba." Ta buga ta uku.

Tsoho ya ajiye tsumma ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, jama'arka na kira."

Ba wanda ya yi dariya. Mai kamfani ya miƙa hannu, aka sa masa wayar. Ya nemo lambar malamar ta gaskiya ya kira. Mijinta ne ya ɗauka, daga asibiti. Jiya da rana birki ya ƙi mata a gangare, ta karkatar da motar ta daki katanga don kada ta hau masu tafiya. Yaran sun tsira. Ita likita ya ce da wuya ta sake taka ƙafar dama.

A ranar aka karɓi makullan hannunsa. Labari ya bazu a shafin nan nasa, waɗanda suke yi masa kirari su suka riƙa yaɗa shi. Ba kamfanin da ya sake ba shi ko kujerar zama. Ya gwada ɗaukar bidiyo a gaban bangon ɗakinsa, yatsansa na juyawa ba makulli, ba wanda ya tsaya kallo. Ashe motocin ake bi. An ce har yau in waya ta yi ƙara kusa da shi sai ya dafe aljihu.

Ya 'yan uwa, lambar da mutum ya ba ka amana ce, ba dukiyarka ba ce. Wanda ya ɗauke ka aiki ya amince da alƙalaminka, wanda ya saya ya amince da bakinka. Mutumin nan ya ci amanar duka biyun, kuma da aka buɗe masa ƙofar gyara, sunansa ya fi masa ran mutane daraja. Mu duba aljihunanmu. Me muka ɓoye wanda ranar da aka kira zai amsa?

Allah ya kiyaye mu daga cin amana da son a yabe mu, ya ba mu ikon cewa "na yi kuskure" tun da sauran lokaci. Ya ba malamar nan lafiya. Amin.

Iyakar abin da na iya ke nan. Zan ajiye takardar a kan teburin ɗakin karatu, in danne ta da littafi don kada iska ta ɗauke. Na ji motsin takalma a baranda, bari in bi ta ƙofar baya.