Kunyoyin da Suka Karkace

Akwai wani manomi wanda ba shi da shanun huɗa, sai kawunsa ya ara masa bijimai biyu. Ruwa ya zauna, dawa ta kai gwiwa, rabin gona kuma ba a huɗe ba.

Ran nan kawun ya zo, ya ga shatin bulala a bayan jan bijimin. Ya ce, "Ɗana, gobe zan dawo. In na ga sabon shati, zan kwance su daga karkiya in tafi da su."

Manomin ya ce, "Kawu, san nan ne mai taurin kai."

Kawun ya juya ya tafi.

Da yamma tsohuwarsa ta ja shi gona, tana dogara sanda. Ta nuna wasu kunyoyi miƙaƙƙu. "Ran da ka huɗe waɗannan, ta ina ka biyo?"

"Ta bakin rafi, Iya."

Ta nuna wasu, sun karkace kamar tafiyar maciji. "Waɗannan fa?"

Ya tuna. Ta gonar ƙanensa ya biyo, inda suka yi faɗa a kan gambar da ke raba iyakarsu. Suka bi gonar kaf. Duk inda kunya ta karkace, ran nan ya ga gambar da safe.

Ta ce, "San kawunka bai ci iyakar kowa ba. Kai ne kake zuwa da wuta a ciki."

Kashegari rafi ya cika, ba hanya sai ta gonar ƙanen. Manomin ya iso gonarsa ya tarar da kawun tsaye. Aka ɗaura karkiya. A tsakiyar kunya jan bijimin ya toge. Manomin ya ɗaga bulala. Kawun ya taka gaba.

Sai manomin ya ji haƙoransa a cije, wuyansa ya ɗau zafi. Ya gane abin, gama jiya ya gan shi kwance a ƙasa cikin karkatattun kunyoyi. Ya sauke bulalar, ya ce, "Ya Ubangiji, riƙe ni." Ya shafa wuyan san har numfashinsu ya kwanta. San ya ja. Kawun ya tafi gida shi kaɗai.

Tun daga ran nan, in ya kwance shanu, sai ya tsaya ya dubi aikin yini. Miƙaƙƙun kunyoyi suna ƙaruwa, ganinsu kuma yakan tashe shi da sassafe da ƙarfin zuciya.

Ma'anar misalin nan, jikokina, ga ta. Gonar ita ce kwanakinku, kunyoyin kuwa halinku ne. San shi ne wanda kuke hucewa a kansa, ƙanwarku ko abokinku, wanda bai yi muku kome ba. Ban ce ku riƙa waige kuna riƙe da garma ba. Da yamma ake dubawa. Ku tambayi kanku: yau ina na karkace, me na gani da safe, da wa na zauna? Kada ku ce Shaiɗan ne, alhali ba ku ko duba hanyar da kuke bi ba. Ku dubi miƙaƙƙun ma, ku gode wa Yesu, su ne za su ba ku ƙarfin gobe. Wanda kuma yake da gamba tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya je su shirya tun shanun suna hannunsa.