Damben da aka yi a kan sunana

An yi wani mutum a garin Bowie, a jihar Maryland ta Amurka, tsohon ɗan dambe, mai kafaɗa kamar ƙofa. Ba zan faɗi sunansa ba.

Shekarar da jami'an shige da fice suka kama Maman, direban tasi ɗan Nijar, suka mayar da shi gida, mutumin nan ya ce ni na kai rahotonsa. Hujjarsa ɗaya: ina karatun lauya. Yayana Khalil, siririn mai haɗa magunguna, ya tare shi a taron Sallah a Beltsville, ya ce ya kawo shaida.

"Shaida?" Mutumin ya yi dariya. "Likita, cire gilashinka mu dambata. Allah ba ya kayar da mai gaskiya."

Ya 'yan uwa, na karanta wannan a tarihin shari'ar Turai. Da can idan shaida ta gagara, sai a sa mutum biyu su gwabza, a ce wanda ya faɗi Allah ne ya tona shi. Mace kuwa takan nemi wanda zai tsaya mata. Su sun watsar da abin tuntuni. Mu muka tsince shi a kan ciyawar Maryland.

Aka yi da'ira. Aka ɗaga wayoyi. Naushi uku, Khalil ya faɗi, jini na fita ta kunnensa. Har yau kunnen nan ba ya ji.

"Allah ya yi hukunci," in ji wata dattijuwa.

Shekara huɗu ba a amsa sallamata. Idan na zauna a masallaci, mata su janye 'ya'yansu. Amma ban fasa Juma'a ko ɗaya ba, ban kuma koma sahun baya ba.

Ɗan damben fa? Ya yarda da hukuncin hannunsa. Matarsa ta daina musu da shi. Abokansa suka daina. Wa zai ja da wanda Allah ya wanke?

Wata safiya ta ƙanƙara, maƙwabcinsa Gregory, tsoho ɗan shekara saba'in, ya yi masa magana kan inda ya ajiye mota. Naushi ɗaya. Kan tsohon ya bugi gefen titi, bai tashi ba.

A kotu aka nuna bidiyon damben Sallarmu. Da aka bincika kwamfutarsa, sai ga saƙon da ya tura wa jami'an shige da fice kan Maman, da hannunsa. Yanzu yana kurkuku, 'ya'yansa sun koma amfani da sunan uwarsu.

Kun san abin da ke tsorata ni? Ranar nan ni ma na tsaya a da'irar ina roƙon Allah Khalil ya yi nasara. Da ya yi, da na ce an wanke ni. Ashe duk mun mai da naushi alƙali.

Shaida aka ce mu nema. Ƙarfi ba shaida ba ne, kuma ba a gwada Allah.

Allah ya kiyaye mu daga hukuncin da muke yankewa da hannu mu jingina masa. Amin.